Yadda Na Kai Haƙorin Makka Katsina

Tun da na dawo ban huta ba. Mace za ta shigo da kwalbarta wai man gyaɗa ta zo saye, sai ta ja tabarma ta zauna, ta ƙura wa bakina ido tana jiran in yi dariya. Wasu ma ba sa iya jira, daga sallama sai, “Hajiya, buɗe mu gani.” Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya gaji, kuma duk wadda ta fita sai ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji wai a Katsina fasa mini kai aka yi, aka wanke aka mayar. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi da hannuna, tunda karatun yaƙi da jahilcin da muka yi bai tashi a banza ba. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Ga wanda bai san ni ba, ni Bagobira ce daga wani ƙauye a gefen Gidan Sori, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekarar da marigayi Alhaji maigidana ya kai ni aikin hajji, bayan mun sauke farali, ya ja ni wani shago ya ce a sa mini haƙori. Mai shagon ya goge fiƙata ta hagu ta sama da inji har ta ƙanƙance, ya ɗora mata hular zinariya. Alhaji yana tsaye yana murmushi kamar shi ake yi wa. Ba mu daɗe da dawowa ba Allah ya karɓi abinsa. Gona an raba, shanu an raba, tufafinsa an bayar sadaka. Abin da ya rage mini daga hannunsa wanda ba mai cewa a raba, shi ne wannan haƙori. Kuma shi ke magana a madadina, duk inda na shiga kafin in faɗi sunana an san na je.

Bayan wasu shekaru haƙorin ya fara ciwo, irin wanda ko ruwan randa ba ya taɓuwa. Aka kai ni Maraɗi, wani likitan haƙori ya huda shi ta baya inda ba a gani, ya zare jijiyar, ya cike ramin ya liƙe. Ya ce, “Hajiya, mun kashe shi, ba ki ƙara jin shi.” Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Saboda haka da wani ɗan ƙurji ya fito a dasashina, can sama da haƙorin, ban ko kawo shi a rai ba. Ƙurjin yakan fashe, in ji gishiri-gishiri da ɗan wari a baki, ya baje, bayan wani lokaci ya dawo. Ba ciwo. Na ce zafi ne, na sha jiƙo. Ƙawata Habsu ta ce baki ne, mutane sun cika kallon zinariyar, ta kawo mini turare. Duk cikinmu ba wadda ta zargi haƙorin, don a saninmu abin da aka kashe ya gama nasa.

Da damina ta kankama bana, sai ƙurjin ya toshe ya ƙi fashewa. Leɓena ya tashi, sai gefen hanci, sai kunci. Wata safiya na farka idona na hagu ya koma kamar tsagar asusu, jikina zafi rau. A nan na tsorata, don na tuna wani maƙwabcinmu, magidanci ƙaƙƙarfa, da fuska ta kumbura masa haka daga haƙori. Ana ta cewa gobe a kai shi likita, goben da ba ta zo masa ba ke nan. Ni na dafa abincin zaman makokinsa.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitarmu, ya ɗaga leɓena ya danna dasashin, na kusa tashi sama.

“Hajiya, wanga kumburi daga haƙorin zinariyar nan shike.”

“Haƙorin da anka kashe? Ka duba dai da kyau, ɗana.”

“Na duba. Zan yi miki allura in ba ki ƙwayoyi, kumburin ya ɗan sauka. Amma kar ki ga ya sauka ki zauna. Ki tahi Maraɗi a ɗauki hotonshi.”

Na hau amalanken jaki zuwa bakin kwalta, na lulluɓe rabin fuska da mayafi kamar mai sabon takaba. Duk ramin da jakin ya faɗa sai in ji shi a cikin idona. A Maraɗi aka cusa mini wani ɗan abu a baki aka ɗauki hoto. Likitan, ba wancan na da ba, ya ɗaga hoton ya nuna mini saiwar haƙorin, doguwa fara, sannan a can ƙarshenta wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake. Ya ce mugunya ce, ƙwayoyin cuta ne suka zauna a cikin saiwar suna cin ƙashi a hankali. Ya ce abu biyu ne, ko ya cire haƙorin a ranar, ko a sake buɗe saiwar a wanke ta tun daga farko. Mai yin wannan aikin a wurinsu ya yi doguwar tafiya, amma ya san wata mata a Katsina da hannunta ke da kyau.

Da ya ce “cire” na ji kamar ya ce a sake binne Alhaji. Na dafe bakina da hannu na ce ba a yi wanda zai cire shi ba. Ya dube ni ya ce to kar in yi wasa da lokaci, don wurin kusa yake da ido, kuma daga ido ba nisa zuwa inda ba a so. Da wannan maganar a kunnena na fito.

Na kira autata Nana da ke aure a wajen Gangara. Ta ce kar in kuskura in bi hanyar Jibiya, ba ta da daɗi yanzu, in biyo ta wurinsu, mijinta Sale yana shiga Katsina da wake kusan kowane mako. Haka na shiga motar Gazawa ni kaɗai, ban koma gida na ɗauki ko zanen canji ba.

Kusa da ni wata Bafulatana ce, dattijuwa, da ƙwarya a cinya. Ta yi ta satar kallona har ta kasa haƙuri, ta ɗan ja mayafina ta leƙa. Ba ta yi salati ba kamar sauran mutane, ba ta kuma ba ni labarin wanda ya mutu ba, Allah ya saka mata. Cewa ta yi, “Sannu, Dada. Kawo kanka nan.” Ta jingina kaina da kafaɗarta, ta tare mini kuncin da tafin hannunta don kar girgizar mota ta buga shi. Hannunta sanyi, yana ƙanshin man shanu. Ban san sunanta ba har yau.

Muna dab da Agye sai muka ji wata ƙara kamar an harba bindiga, motar ta yi gefe. Kowa ya san abin da ake ji a rediyo, ba wanda ya tsaya tambaya. Muka zube a ƙasan mota, manya a kan yara, wani Alhaji mai babbar riga ya danne mini ƙafa yana kalmar shahada. Ƙwaryar Bafulatana ta kife a kaina. Ina kwance nono na bin wuyana, abin da ya zo mini shi ne in ƴan bindiga suka ga zinariya a bakina, da me za su cire ta. Sai muka ji direba yana zagin taya. Mutane suka tashi suna karkaɗe jiki, kowa na kauce wa idon kowa, Alhajin nan har yana cewa shi dama ya san taya ce. Bafulatana ta dubi ƙwaryarta ta dubi nonon da ke kaina ta ce, “Kosam ya tafi wurin mai ciwo, ba komi.”

A Agye muka daɗe ana neman wata tayar. Ƙasar aya ce, masu talla suka yi ta turo mana ita ta taga, soyayya da ɗanya da mai sukari. Ni da aya kuwa sai Allah, amma ko leɓena ban iya buɗewa sosai. Hura na samu, aka tsinka mini ita da ruwa na riƙa zuƙa ta gefen dama. Ta mutanen gabas ba ta kai tamu daka ba, wannan ko ina kan gargara zan faɗa. A Gazawa muka rabu da baiwar Allah, na sami motar ƴan kasuwa zuwa Gangara.

Nana na ganina ta saki tsintsiyar hannunta ta fashe da kuka. Na ce ta yi mini shiru, ban mutu ba tukuna, amma kukan nata ya ƙara tsinka mini zuciya, don ita ce ta fara nuna mini yadda fuskar take a idon wanda ya san ta. Ga kuma wata masifar: ni ce kwance a gidan suruki. Tunda aka kai yarinyar nan ban taɓa kwana a gidan ba, ban taɓa cin loma a gaban Sale ba. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

“Inna, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi.”

Na amsa daga bayan mayafi, ina fuskantar bango. Ya ce da safe za mu kama hanya, ruwa ya ɓata ta mota, sai dai babur har iyaka. Da gari ya waye ya fito da babur ɗinsa ya goge, Nana ta ce in hau bayansa tunda shi zai bi da ni a hankali. Na dube ta na ce, “Ke, kin san abin da kike hwaɗi? In hau bayan surukina in riƙe mishi riga? Gara in tahi da ƙahwa.” Ta yi magiya, na ƙi. Sale ya fita ya samo ɗan kabu-kabu mai babur. Ita ta hau bayan mijinta, ni na hau bayan mutumin da ban taɓa gani ba.

Da farko muna tafe tare. Can sai mutumin nan ya karya kan babur ya faɗa wata ƴar hanya a tsakiyar gonaki. Gero ya yi tsawo ya rufe mutum, ba ka ganin komai sai ganye na marin fuska. Na waiga ban ga su Nana ba, na kasa kunne ban ji ƙarar babur ɗinsu ba. Na ce, “Bawan Allah, ina za ka kai ni?” Iska ta kwashe maganar, bai ko juyo ba. Na ce shi ke nan, na guje wa masu bindiga a hanyar Jibiya na kawo kaina hannunsu da ƙafata, kuma kunya ce ta sayar da ni. Na tsuke bakina gam don kar ya hango zinariyar a madubi, na cukuikuyi rigarsa, ina karanta duk abin da ya zo bakina a zuci. Na yi tunanin in faɗo da kaina, na tuna fuskar. Ban san tsawon lokacin da muka yi a cikin geron nan ba, a wurina dai an shekara.

Sai ga mu mun ɓullo a bakin shingen iyaka, ga masu tuwo-tuwo, ga mai shayi. Mutumin ya tsaya ya duba kafaɗarsa ya ce, “Haba Hajiya, kin yaga mini riga. Ƙorama ce ta kawo ruwa, na zagaya da ke ta tudu don kar ki jiƙe.” Su Sale suka iso daga baya, jiƙe sharkaf har gwiwa. Ban gaya wa kowa abin da na zarge shi da shi ba, sai yanzu da nake rubutawa.

A shingen, ma'aikacin ya karɓi katina ya duba hoto, ya ce in buɗe fuska. Ya dubi hoton ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya ce, “Mama, anya ke ce wannan?” Na buɗe baki zan rantse, leɓen da ya kumbura ya ɗage, zinariyar ta fito. Nan take ya miƙo mini katin da hannu biyu. “Yi haƙuri, Hajiya. Allah ya ba da lafiya, a sa mu a addu'a.” Na wuce ina cewa a raina, wannan ne wani zai ce a cire.

Katsina gari ne mai hayaniya. Abin da muke kira adaidaita su kurkura suke ce masa, kuma sunan ya dace da yadda suke tuƙa shi. Gidan likita su ce asibiti. Mun sauka a gidan fatoman Sale, mutumin da ke karɓar baƙin ƴan kasuwa, aka ba mu ɗaki ni da Nana. Matarsa, Maman Hasana, mace ce mai hannu a sake da baki a sake. Ta kawo shinkafa da miya ja wur da mai da barkono, ta ga ba na iya ci, ta koma ta dama mini kunu. Da safe shayi da burodi suke karyawa. Na tambayi hura, aka ce sai an aika a sayo. Gida guda cike da mata, ba mai daka, abin ya ɗaure mini kai.

Maman Hasana ce kuma ta zauna a gabana tana tsinke zogale ta ce, “Allah dai ya sa kar su ce za su cire, Hajiya. An ce fa fiƙar sama jijiyarta haɗe take da ido.” Mu ma haka ake faɗa a wurinmu, amma jin ta a wata ƙasa daga bakin baƙuwa ya sa na ɗauke ta tabbatacciya. Nana ta harare ta, ni kuwa kunun ya fita raina.

A asibitin muka zauna a benci muna jira. Daga ciki wani inji yana kuka siriri, yana shiga har cikin ƙashi. Ina jin sa gumi ya keto mini. Sau biyu ina cewa Nana mu tashi, na ji sauƙi. Da aka kira ni sai da ta ja ni kamar akuyar da za a kai kasuwa. Aka kwantar da ni a wata kujera mai komawa baya, fitila a kaina, ƙarafa a jere a faranti. Likitar ta shigo, gajera kakkaura, ta rufe hanci da baki. Ta yaye mayafina, sai ta tsaya. Ba kumburin take kallo ba, tsagar Gobirawa da ke kuncina take bi da ido, tun daga gefen baki har kunne. Ta sauke abin rufe bakinta.

“Ikon Allah. Yau ga baiwata har gida, ban ko aika a kamo ta ba.”

Na buɗe idon da ke buɗuwa na dube ta da kyau. Bayarabiya ce, haihuwar Katsina, Hausa a bakinta kamar ta Maman Hasana. Ban san lokacin da na yunƙura na tashi zaune ba.

“Wa a baiwarki? Ke ƴar mai barkono, tun yaushe bawa ya fara kiran ubangijinshi? Kakanninmu su sunka riƙe naku.”

“To uwargijiyata, kwanta baiwarki ta yi miki aiki. Bagobira da tsoron allura, wallahi sai na ba da labari.”

“Wa ya ce miki tsoro nike ji? Sanyin ɗakinku ne.”

Ma'aikaciyarta tana dariya, Nana ta saki baki. Ku da kuke gida kun san abin, amma saboda yaran yanzu bari in faɗa. Tsakanin Bagobiri da Bayarabe wasa ne tun na kakanni. Ana zagi, ana ƙwace, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, amma ba a cuta. Tun ina yarinya na ji cewa wanda ya ci amanar abokin wasansa ba ya gamawa lafiya. Tunda na baro gida, a lokacin ne na fara jan numfashi har ƙasa.

Ta sake ɗaukar hoto, ta zagaya bakin zinariyar da wani ɗan ƙarfe mai tsini, ta daina wasa. Ta fara da cewa maganar ido ba haka take ba, cire haƙori ba ya makanta mutum, mugunyar da aka bari ita ce abin tsoro. Ta ce jijiya aka kashe, ba ƙwayoyin cuta ba. Saiwar haƙori tana da lunguna da ƴan rassa, wani lokaci duk ƙoƙarin mai aiki sai wasu su ɓuya, a liƙe da su a ciki. Ga shi cikon farko bai kai ƙarshen saiwar ba, ga kuma bakin hular ya saki, yawu yana shiga ta ƙarƙashi shekara da shekaru. Na gane maganarta sarai, don na taɓa zuba wake a tano, wato ganga, na liƙe baki, na buɗe bayan watanni na tarar da gari. Ƙwarin suna ciki tun ranar da na rufe.

Na ce, “To ki huda ta baya kamar yadda anka yi da, ki wanke, ki bar mini zinariyata.”

Ta girgiza kai. “Da zai yiwu da na yi miki. Ƙarƙashin hular ya ruɓe. In na wanke na bar ta, kin dawo da wannan fuskar, ko ki kasa dawowa. Sai na cire ta, kuma yadda ta kama, sai na tsaga ta. Haƙorinki na ainihi ina sa ran zan cece shi. Hular ce ba zan iya ba.”

Duk wannan hanya, da taya, da gero, da kwana gidan suruki, don zinariyar nan na yi su. Na gaya mata wanda ya sa mini ita da inda aka sa. Na gaya mata ba ya duniya. Ina magana hawaye na fita ta idon da ya kumbura, yana zafi. Nana ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana cewa, “Inna, ki dubi Allah ki dube mu.” Likitar ba ta katse ni ba. Da na gama ta jawo kujera ta zauna daidai kaina, ta kama hannuna.

“Hajiya, wasa wasa ne, amma kin san ba zan cuce ki ba. Da uwata ce a kwance a nan, abin da zan gaya mata ke nan. In kin ce a'a ba zan taɓa ki ba.”

Da likitan Maraɗi ne, ko wani can da ban sani ba, na rantse da na ɗaura mayafina na fita, abin da zai faru ya faru. Amma wannan ba ni da hanyar da zan ce ƙarya take yi mini. Na rufe ido na ce, “Bisimilla. In kin kashe ni, Gobir duka za ta biyo ki.”

Ta yi mini allura, gefen fuskar ya mutu. Injin nan ya fara kuka a cikin kaina, ina jin sa yana cin zinariyar. Na damƙe hannun kujera har farcena ya karye. Sai na ji ɗan ƙas, ta ɗaga wani abu ta ajiye a faranti. Wani wari ya tashi wanda ban taɓa zaton daga jikina zai fito ba. Na ce a ba ni madubi, ta ce in bari, na nace. Abin da na gani ɗan guntun haƙori ne baƙi ƙirin, kamar gawayi. Wannan nake ɗauke da shi a ƙarƙashin abin da nake yi wa mutane murmushi da shi. Na mayar mata da madubinta.

Ta shimfiɗa wata ƴar roba a bakina, haƙorin kaɗai ya leƙo. Na ji kamar za a toshe mini numfashi, ta ce in ja ta hanci, in na gaji in ɗaga hannu. Ta yi ta zaro tsohon cikon da wasu ƙananan allurai sirara kamar ƙayar aduwa, tana wankewa da wani ruwa mai warin jabel ɗin da muke wanke fararen kaya da shi. Da ta kai ƙarshen saiwar, mugunya ta samu hanya, na ji nauyin da ke ƙarƙashin idona yana saki. Duk tsawon aikin bakinta bai huta ba, tana zagin Gobirawa ɗaya bayan ɗaya, ta san bakina a buɗe yake ba ni da halin ramawa. Wannan bashin zagin yana nan, ban yafe ba.

Ba a gama a rana ɗaya ba. Ta zuba magani a cikin saiwar ta liƙe, ta ce sai ya yi kwanaki yana aiki. Muka zauna a gidan Maman Hasana, kullum da safe Nana ta duba fuskata ta ce ta ragu, ni in ce ba ta ragu ba. Ranar da na ga bakin ƙofa da idon hagu ba tare da na juya kai ba, na yi sujada. Da muka koma ta sake wankewa, ta cike saiwar har ƙasa, ta nuna mini a hoto. Daga baya ta gina haƙorin ta sa masa farar hula irin launin sauran. Baƙin tabon nan kuwa yana nan. Ta ce ƙashi ba ya cikowa da wuri, in koma bayan an gama kaka a sake hoto. In ya ragu mun ci nasara, in bai ragu ba akwai sauran magana. Ban tambaye ta wace magana ba, don ban shirya ji ba.

Ta ce in ina so, in komai ya warke, akwai masu sa zinariya a nan Katsina, ba mai bambancewa. Na ce ni zan bambance. Ta naɗe mini tawa a auduga ta ba ni. Na buɗe a mota muna dawowa, ƴar aba tsagaggiya, ba nauyi, kamar ɓawon gyaɗa. Na ƙulle ta a bakin zane, har muka iso iyaka hannuna na kanta. A dawowar bayan Sale na hau, na riƙe ƙarfen babur.

To ga labari, ku masu tambaya. Wadda aka taɓa kashe wa jijiyar haƙori, in ta ga ƙurji a dasashi yana zuwa yana komawa, kar ta tsaya shan jiƙo kamar ni, ta je a ɗauki hoto tun fuskarta tana tata. Ni har yanzu ban fita daga tsoro ba, gero ya fara nuna, kuma kowace safiya kaka na ƙara matsowa.

Ranar da na iso gida Habsu ce ta fara shigowa. Ta riƙe haɓata ta juya fuskar dama da hagu, ta yi hamdala. Sannan ta ce in yi murmushi. Na yi. Ta daɗe tana kallon farin haƙorin, ta sauke murya ta ce, “To Hajiya, yanzu da mi za a san kin je?”

Na ce, “Wanda na je dominShi ya sani.”

Na faɗe ta da ƙarfi, har Habsu ta gyaɗa kai ta ce gaskiya ne. Gaskiyar ce kuwa. Amma bayan ta fita na shiga ɗaki na tura ƙofa, na zauna a bakin gadon Alhaji na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da shi.